An sa rana ko ba a sa ba? Yadda Turanci ke faɗar abin da za a yi

Tun muna firamare aka raba mana allo gida uku: jiya, yau, gobe. Na jiya a liƙa wa aikatau *-ed* a ƙeya, na yau a bar shi yadda yake, na gobe kuma a ajiye masa *will* a gaba. Muka rera shi kamar waƙa, muka ci jarrabawa, aka wuce wurin. Rabon ba ƙarya ba ne gaba ɗayansa, sai dai gida na ukun an taƙaita bayaninsa ƙwarai, kuma har yau mutane da digirinsu suna fama da abin da taƙaitawar ta haifar.

Da safe 'yan sakandare nake koyarwa. Bayan la'asar kuma ina da ajin manya: ma'aikatan jinya masu shirin jarrabawar IELTS (ta gwajin iya Turanci ga masu son fita waje aiki ko karatu), wasu 'yan kasuwa da ke musayar saƙo da kamfanonin waje, sai samari da 'yan matan da suka gama bautar ƙasa suna jiran a kira su intabiyu. Babu wanda bai san *will* ba a cikinsu. Damuwar ita ce duk inda Hausa ta ce "za", ita kaɗai suke jawowa. Ka tambayi mutum me ya shirya yi a ƙarshen mako, sai ya jero maka: *I will go to Kaduna. I will visit my uncle. I will come back on Sunday.* Mai makin WAEC ba zai ja masa jan biro ba, don bai karya ƙa'ida ba. Amma wanda ya sha harshen a nono, in ya ji wannan, abin da zai shiga kunnensa shi ne mutumin yana yanke shawarar tafiyar yanzu-yanzu a gabansa, ko kuwa alkawari yake ɗaukar masa. Alhali bawan Allahn nan ya yanki tikiti tun shekaranjiya, kawun ma ya sa an share masa ɗaki.

Abu na farko da nake gaya wa sabon aji, kuma kullum sai an yi mini kallon "anya kuwa Malam?", shi ne aikataun Turanci ba shi da siffar lokaci mai zuwa sam. Biyu gare shi: *go* da *went*, *walk* da *walked*. Babu wata ƙeya da za ka ɗafa masa ta mai da shi na gobe, irin yadda Faransanci ke yi, inda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke fitar da *je partirai* daga *partir*. Don haka Turanci aro yake yi. Ya ari kalmar so, ya ari kalmar tafiya, ya ari lokaci mai ci, ya ari siffar yau da kullum, kowacce kuma ta zo da ma'anarta ta asali a maƙale a jikinta, ba ta bar ta a gida ba.

Akwai wani bayani da ke yawo a bakin ɗalibai, wai *going to* ta abin da ke kusa ce, *will* kuma ta mai nisa. Ina zaton wani ɓangare na wannan daga zaure ya fito. Duk wanda ya karanta Ajuruma, littafin nahawun Larabci, ya haddace alamomin fi'ili, har da sinun da saufa masu nuna lokaci mai zuwa, malamai kuma suka ce mana sinun ta kusa ce, saufa ta nesa. A Larabci bayanin yana da gindi. A Turanci ba ya tafiya. Bature ba nisan ranar yake aunawa ba. Abin da yake aunawa shi ne yaushe aka yanke shawarar, kuma wa ya san da ita ban da kai.

Misalin da na ga ya fi shiga kan mutane shi ne na aure, don kowa ya san matakansa ba sai an koya masa ba.

Tuzuru yana zaune a majalisa, abokai na tsokanarsa wai ƙannensa duk sun riga shi. Ya yi dariya ya ce, *I'll get married one day.* Babu yarinya a ƙasa, babu magana. Fata ce kawai da hasashe, kuma tsokanar ce ta sa ya faɗa.

Bayan wata biyu ya ga wadda ta kwanta masa, ya yi istihara, ya je wurin yayarsa ya ce, *I'm going to marry her.* A nan niyya ta riga ta ƙullu a zuciyarsa tun kafin ya buɗe baki. Ba tambayar Yaya ce ta haifar da ita ba, da ita ya shigo gidan. Amma niyyarsa ce shi kaɗai. Mai yiwuwa iyayen yarinyar ba su ma san da zancen ba.

Sai manya suka shiga. Aka kai gaisuwa, aka yanke sadaki, aka raba goro da alawa, aka sa rana. Yanzu in abokin aikinsa ya tambaye shi, abin da zai ce shi ne, *We're getting married in December.* Ku lura, siffar nan ita ce wadda aka koya mana cewa ta abin da ake cikin yi ce a yanzu, irin *I am eating*. Ga shi kuwa Disamba da sauran wata takwas. Dalili shi ne aikin ya riga ya fara ta wata fuska: an yi magana da mutane, an tsayar da lokaci, an ba tela ɗinki, an fara haɗa lefe. Maganar ta bar zuciyarsa ta shiga hannun jama'a.

Aka buga kati. A jiki an rubuta, *The wedding fatiha starts at 11 a.m.* Babu *will*, babu *going to*, aikatau ne tsurarsa kamar na yau da kullum, domin abin ya zama jadawali, ba ra'ayin wani ba. Ko za a fara ƙarfe 11 ɗin, ko sai an jira waliyyin amarya har azahar, wannan ba laifin nahawu ba ne. Ranar kuma, masallaci ya cika, liman ya gyara zama, wani ya kira ango a waya yana cewa ka yi sauri, *it's about to start*. Ana gab da farawa ke nan.

Aure ɗaya, ango ɗaya, jimla biyar. Kuma ga abin da ke rushe maganar kusa da nesa: aka ƙwanƙwasa ƙofa, ka miƙe ka ce *I'll get it*, abin da za ka yi cikin daƙiƙa biyu ne, amma *will* ce. Bikin da ke da sauran wata takwas kuwa ya ɗauki siffar *-ing*.

Don bambanta *going to* da siffar *-ing*, tambaya ɗaya nake ba ɗalibai: in ka fasa, akwai wanda dole sai ka kira ka ba shi haƙuri? In akwai, to *-ing* ta zauna daidai. *I'm seeing the doctor on Monday*, an ba ka kati, an rubuta sunanka. *I'm going to see a doctor about this cough*, tarin ya dame ka, ka ƙudura za ka je, amma babu likitan da ya san da zuwanka. Wannan tambayar ce kuma ke nuna abin da ya sa ba a cewa *it's raining tomorrow*. Babu wanda ya yi alkawari da hadari. Haka ma ba a cewa *I'm passing the exam next month*, sai dai in an riga an saya maka sakamakon, wannan kuwa ba zancen da za ka yi a bainar jama'a ba ne.

Gaskiyar magana, littattafai suna zuzuta bambancin waɗannan biyun fiye da yadda yake a bakin masu harshen. Sau da yawa ko wacce ka ɗauka ta yi. *I'm going to visit my mother tomorrow* da *I'm visiting my mother tomorrow*, babu Baturen da zai ɗaga gira a kan ɗaya. Inda kunne ke jin tuntuɓe shi ne in aka cusa *will* a wurin abin da aka daɗe da shiryawa, ko aka cusa *going to* a wurin abin da aka yanke nan take.

Ga yadda nake gwada aji a kan wannan. Ina cikin bayani sai in tsaya, in goge goshi, in ce, *It's very hot in here*, in yi shiru. Ranar nan wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace ce, ta girme ni, ta miƙe tana cewa, *I am going to open the window.* Na ce, "Hajiya, tun daga gida kika taho da niyyar buɗe tagar nan?" Ta ce, "Haba Malam, ai yanzu ka yi maganar zafi." Na ce to shi ke nan, *I'll open the window*. Ta tsaya riƙe da marfin tagar ta ce, "Wato in maganarka ce ta tayar da ni, *will* ke nan?" Na ce ƙwarai. Aka ɗauke wuta, *I'll start the generator*. Aboki ya ce ba shi da kuɗin mota, *I'll send you something*. Mai abinci ta tsaya a kanka tana jira, *I'll have rice*. Duk martani ne ga abin da ya faru yanzu.

Tarihin kalmar yana taimakawa a nan. A tsohon Turanci, na shekaru dubu da suka wuce, *willan* "so" take nufi, kuma har gobe a Jamusanci *ich will* "ina so" ne, ba "zan" ba. Shi ya sa *will* ta fi ƙarfi a wurin tayi da alkawari da yarda. Shi ya sa kuma in aka kore ta takan koma ƙi. *The generator won't start* ba duba ake yi wa janareta ba, cewa ake ya ƙi tashi. Uwa ta kai yaro asibiti ta ce *he won't eat*, ya ƙi cin abinci take nufi, yau ɗin nan, ba gobe ba. Ma'aikatan jinyar da ke son tafiya Ingila nakan ce su riƙe wannan da kyau, don za su ji shi a bakin majinyata da 'yan'uwansu kullum.

Ɗaya aikin *will* shi ne hasashe na ra'ayi, kuma yawanci za ka gan ta tare da *I think*, *probably*, *I'm sure*. *I think prices will come down after the harvest.* Zato ne, daga abin da aka saba gani in kaka ta yi. Amma in ka leƙa gabas ka ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar leda a titi, masu tumatir na tattara kaya, a nan *it's going to rain* za ka ce, domin alamar tana gaban idonka. Yaro ya hau katanga yana tangaɗi, *he's going to fall*.

Ita *going to* tafiya ce ta zahiri a farkonta. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 ta fara bayyana a rubuce da ma'anar niyya, a hankali tafiyar ta zube daga jikinta, har ya zama ana iya cewa *I'm going to stay at home* ba tare da kowa ya yi dariya ba. Wannan hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Muna cewa "ina za ka?", a amsa "za ni kasuwa", kuma masana harshe sun danganta wannan "za" ta tafiya da wadda ke cikin "zan zauna a gida". Mai Turancin buroka a Sabon Gari zai ce maka *I go pay you*, mai Faransanci ya ce *je vais partir*. A baki, musamman na Amurkawa, takan taƙaita ta koma *gonna*. Samari na sonta don suna jin ta a fina-finai. Ba na hana su, amma sharaɗi biyu: kada ta shiga wasiƙar neman aiki, kuma a gaban aikatau kaɗai take zama. *I'm gonna travel* ya yi, *I'm gonna Kano* babu shi.

Kuma mu daina ganin kamar Turanci ne kaɗai mai wannan rarrabewar. Hausa ma ba "za" kaɗai gare ta ba. Wadda ta ce wa ƙanwarta "kya gani" ba daidai take da wadda ta ce "za ki gani" ba. "Ma haɗu" daban, "za mu haɗu ƙarfe huɗu" daban. "Gobe ina da tafiya", "ina nan tafe", "jibi ne ɗaurin auren", duk maganar gaba ce babu "za" a ciki. Kunnen da ke rarrabe waɗannan ba zai gagara rarrabe na Turanci ba.

Sai dai a yi hattara da "ina zuwa". Mu mukan faɗe ta muna ficewa daga ɗaki, ma'ana yanzu zan dawo, kuma duk Nijeriya an mai da ita *I'm coming*. Tsakaninmu kowa ya gane. Baƙo kuwa zai ga kana cewa kana tahowa alhali bayanka yake gani. Shi *I'll be right back* zai ce.

Jadawali ba shi da wahala, ba zan daɗe a kansa ba. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, tashin jirgin sama, komawa makaranta, fara wasan ƙwallo: *The train leaves Rigasa in the morning. School resumes on Monday.* A kanun jarida kuma za ku ga wata gajeriyar hanya, *President to visit Kano*, wato "zai ziyarci", an cire *is* don a rage wuri.

Wadda nake son ma'aikatan ofis su ba muhimmanci ita ce *will be* da *-ing*. Littafi zai ce maka ta aikin da za a kasance ana cikin yi ce a wani lokaci nan gaba, kamar *this time tomorrow I'll be driving to Sokoto*. Haka ne. Amma amfaninta mafi yawa a rayuwa ladabi ne. In ka ce wa shugabanka *Will you come to the meeting?* yana iya jin kamar roƙonsa kake, ko ma matsa masa. In ka ce *Will you be coming to the meeting, sir?* ka cire son ranka daga ciki, tsarinsa kawai kake tambaya. Ɗa mai son aron mota zai ce wa mahaifinsa *Will you be using the car tomorrow?* kafin ya fito da buƙatarsa, kamar dai yadda namu zai fara da "Baba, gobe akwai inda za ka ne?" Matuƙin jirgi ma da ita yake sanarwa, *we'll be landing in Kano shortly*, don ya nuna abin yana bin tsarinsa ne, ba yanzu ya ga damar sauka ba.

'Yar'uwarta *will have* ita ce masu tsara tambayoyin WAEC da JAMB ke ƙauna. Da ka ga jimla ta fara da *by this time next year* ko *by June*, to ita ake nema: *By June I will have finished my service.* Yara na jin tsoronta, alhali Hausa na yin irin wannan cikin sauƙi. "War haka gobe mun isa Legas." Ka tsaya a gobe, ka waiwayo, ka ga an gama. Shi ke nan ma'anarta.

Yanzu ga inda aka fi zubar da maki, a jarrabawa da a saƙon waya duka. *When I will reach Kano, I will call you.* Kuskure ne. Bayan *when*, *if*, *before*, *after*, *until* da *as soon as*, ba a sa *will*, ko da maganar ta gobe ce: *When I reach Kano, I'll call you. If it rains, we won't go.* Abin mamaki, Hausa ma ba ta sa "za" a nan. Ba ma cewa "idan zan isa zan kira ka", cewa muke "idan na isa". Sai dai mu siffar abin da ya wuce muke ɗauka, shi ya sa wasu ke faɗawa ɗaya ramin su rubuta *if I reached*. Turanci ta yau da kullum yake so a wurin.

Akwai ɗalibi mai kaifin kai da ya taɓa tare ni da cewa, "Malam, to ai na ga an rubuta *I don't know when he will come*, ga *when* ga *will*." Gaskiyarsa, kuma jimlar daidai take. A nan *when* ba sharaɗin lokaci ba ce, tambaya ce aka naɗe a cikin jimla. Hanyar ganewa ita ce ka mai da maganar Hausa a ranka. In ta fito da "idan ya zo" ko "da zarar ya zo", kada ka sa *will*. In ta fito da "ban san yaushe zai zo ba", Hausa ta sa "za", kai ma sa *will*. Haka yake ga *if*: "idan ya yarda" babu *will*, amma "ban sani ba ko zai yarda" *I don't know if he will agree* ne. Ban taɓa ganin wannan gwajin ya ba ɗalibi kunya ba.

Wata al'adar da ta yi mana katutu a wasiƙun ofis ita ce sa *would* a madadin *will*, da zaton ta fi ladabi. *I would come tomorrow, sir.* Mai harshen zai tsaya yana jiran ƙarashen maganar, domin abin da ya ji shi ne "da na zo gobe", saura "amma". Ladabin *would* yana cikin tambaya da buƙata, *would you help me*, *I would like to apply*. In zuwa za ka yi, ka ce *I'll come* ko *I'll be coming*.

Ita kuwa *shall*, tsofaffin malamanmu sun sha dukan yara a kanta: *I* da *we* su ɗauki *shall*, saura su ɗauki *will*. Ƙa'idar ana danganta ta da John Wallis, masanin lissafi a Jami'ar Oxford, wanda ya rubuta nahawun Turanci da harshen Latin a 1653. Yau ko a Ingila kaɗan ne ke bin ta, Amurkawa kuwa kusan sun manta da ita. Wuri biyu ta rage da rai. Ɗaya tayi ne, *Shall I bring water? Shall we go?*, daidai da "in kawo ruwa?" da "mu tafi?". Ɗayan harshen doka. Asalin kalmar bashi ne da wajibi, kuma lauyoyi sun riƙe ta a haka. Sashe na 14 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce *the security and welfare of the people shall be the primary purpose of government*. Wannan *shall* ba labarin abin da zai faru wata rana take bayarwa ba, wajabtawa take yi. Ko ana sauke wajibin, mutanen Zamfara da Birnin Gwari sun fi ni bakin magana.

Tambayar da ba ta taɓa wuce wani aji ba a yi ta ita ce ta in sha Allah. Wani dattijo cikin 'yan kasuwar ya ce shi *I'm travelling on Friday* ta yi masa nauyi a baki, kamar mutum ya san gaibu, alhali a Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, an hana a ce lalle zan yi abu kaza gobe ba tare da an jingina shi ga nufin Allah ba. Na ce masa, "Alhaji, jimlar ba ta ce dole tafiyar ta auku ba, cewa ta yi an shirya ta. Ka ƙara in sha Allah a ƙarshe, nahawu bai hana ba." Tana zama da kowace siffa, kuma Turawa ma suna da *God willing* tasu, ko da yake *hopefully* ta fi yawa a bakinsu yanzu. Abin da kawai nake jan kunne a kai shi ne, mun yi wasa da kalmar har waɗanda ba Musulmi ba suka fara fahimtarta a matsayin "kada ka sa rai". A muhawarar takarar shugabancin Amurka ta watan Satumban 2020, da Donald Trump ya ce zai fitar da takardun harajinsa, Joe Biden ya tambaye shi yaushe, ya bi da kalmar cikin gatse. Saboda haka in kana rubuta wa kamfanin waje cewa za ka biya kuɗin kaya, ka faɗi ranar ƙarara tukuna, sannan in sha Allah ta biyo baya. Kada ta tsaya a madadin ranar.

Ga masu IELTS, ɓangaren magana minti 11 zuwa 14 ne kacal, kuma da wuya a gama ba a taɓo shirinka na gaba ba. Mai jarrabawar yana sauraron ko kana da hanya fiye da ɗaya. Nakan sa su jera shirye-shiryensu na gaskiya daga mai rauni zuwa mai ƙarfi. Abin da kake juyawa a rai, *I'm thinking of doing a master's*. Wanda kake fata amma ba a hannunka yake ba, *I'm hoping to get a scholarship*. Wanda ƙila a yi ƙila a fasa, *I might move to Abuja*. Wanda ka fara ɗaukar matakai, *I'm planning to apply in March*. Wanda takarda ta fito, *I'm starting in September*. A intabiyun biza wannan ba ado ba ne. In ka ce *I'm starting in September*, jami'in zai sa ran ganin takardar shaidar an ɗauke ka. In babu ita, *I'm hoping to* ce gaskiyarka.

Shirin da ya rushe ma yana da tasa siffar, kuma tana da amfani wajen ba da haƙuri: *I was going to call you, but my phone died.* Na so in kira ka, waya ta mutu. Da an ji *was going to*, an san ba a yi ba.

Saura ranakun kansu. Mu muna da gobe, jibi, gata, citta. Turanci *tomorrow* kaɗai gare shi, jibi sai ya zagaya ya ce *the day after tomorrow*. Ita *next tomorrow* da muke ji a ko'ina ƙirar gida ce, a Legas da Kano za a gane ka, a Landan sai an sake tambayarka. *Next Friday* kuwa su kansu masu harshen suna rikicewa a kanta: in yau Talata ce, wani zai ɗauka Juma'ar makon nan ake nufi, wani ya ce ta makon gaba. In maganar kuɗi ce ko ta ganin likita, rubuta kwanan watan. Kuma rubuta sunan watan da haruffa, domin 3/4 a wurin ɗan Ingila da mu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa 4 ga Maris.